Motar Laka Ta Je Abuja

Zariya

Ana kiran assalatu na fito daga gidanmu na cikin Birni, rungume da mota. Ta laka ce. Kakana magini ne, shi ya zana ta a goshin zaurenmu lokacin da motoci suka fara shigowa ta Ƙofar Doka. Da zauren ya tsage da damina, na yanko ta da zarto, na naɗe da bargo. Wata Hajiya mai gidan baje kolin zane-zane a Abuja ce ta ce in kawo aikin maginan Zazzau, ni kuwa na ƙudurta sai duniya ta ga hannun tsohon nan.

A tasha direba ya ce, "Malam, a sa a but."

"Ni ka sa ni a but, ita dai a'a."

Na biya mata kujera guda, fasinjoji suna ta dariya.

Tafa

Bayan Kaduna hanya ta yi ta jijjiga mu, kowane rami a ƙirjina nake jin sa. Da hantsi muka tsaya cin abinci a garin Tafa. Masa da shayi aka miƙo mini ta taga, don na ƙi sauka.

Abuja

Bayan azahar na kwance bargon a gaban Hajiya. Ta yamutsa fuska.

"Malam Lawal, na zaci dagi ne ko takobi. Baƙinmu gargajiya suke nema. Ko za a kankare tayoyin, ta koma ado kawai?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na nuna mata bango, inda aka rataye zanen wata jar mota na wani da ya yi karatu a Turai.

"Wancan ai zanen zamani ne," in ji ta.

"Wato shi in ya ga mota zamani ne, kakana in ya gani kuskure ne? Ranki ya daɗe, ko ɓurɓushi ba za a taɓa ba."

Na naɗe kayana. Gidan wani ɗan unguwarmu a Zuba na kwana, na ci tuwo da miyar kuka, na yi barci har da minshari.

Gida

Washegari da la'asar na iso. Ban ko cire takalmi ba na kwaɓa ƙasa, na dasa motar a sabuwar katangarmu, tana fuskantar titi, tayoyinta cif. Na gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya. Hajiya kuma, duk ranar da baƙinta suka so gani, su hau mota su zo Zariya.