Motar Kawu A-Hankali

Kawuna direba ne tun yana saurayi. Abokan aikinsa suna kiransa A-Hankali, don ko akuya tana iya wuce shi a kan titi. Ya tuƙa motar makaranta, ya tuƙa ta gidan burodi, duk na mutane. Sai da furfura ta cika masa gemu ya sayi tasa, wata tsohuwa ta hannu, a wurin wani dillali mai zaƙin baki.

Tun satin farko ta fara ɗigar da baƙin mai a ƙofar gida. Kullum sai ya shimfiɗa mata kwali a ƙasa. Matarsa tana tsokanarsa, wai bayan sun gama raino ya kawo musu jaririyar da ke fitsarin kwance. Shi dai murmushi yake yi, ya ɗauki tsumma.

Da yoyon ya yi yawa ya kai ta gareji. Bakaniken ya wanke injin da fetur don ya ga inda man ke fita, sai ya kira Kawu ya nuna masa. An kankare lambar injin ta asali, an buga wata a kai, haruffan ma a karkace. Ya ce galibi injin sata ake yi wa haka. Zai iya toshe yoyon, ya shafe wurin da dauɗa, ba mai sani.

"Ɗana, ni ai na riga na sani," in ji Kawu.

Da kansa ya tuƙa ta zuwa ofishin 'yan sanda. Suka tsare shi yini guda suna tambaya, suka riƙe motar. Dillalin kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba.

Bayan watanni aka kira shi. An gano lambar da aka kankare, injin na wani ɗan tasi ne da ɓarayi suka kashe a hanya suka tafi da motarsa. Matar mamacin ta zo da goyo a baya. Gangar jikin motar ba ta motar mijinta ba ce, ba ta gane komai ba, sai ta roƙi a tayar mata da injin. Kawu ya murza makulli. Ta tsaya tana saurare, hawaye na zuba, ta ce haka injin yake kaɗawa in mijinta ya dawo gida.

"Baba, ka yafe mini, na raba ka da motarka."

"'Yata, ke aka raba da abu," ya ce.

Ba a dawo masa da motar ba. Ya koma tuƙin motar burodi har idanunsa suka gaza, ya ajiye makulli. Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinsa.