Haƙoran dodon koɗi

Shekarun baya, ina sabon mushe, wato malamin boko, a wata lakwal, makarantar firamare, cikin Damagaram, aka ce sufeto zai zo ranar Litinin ya ga yadda nake koyarwa. Daga abin da ya rubuta za a san ko in ci gaba da aiki ko in koma gida.

Darasin kuwa a kan yadda dabbobi ke cin abinci ne. A littafin akwai hoton wani dodon koɗi na teku marar ƙoƙo, wai harshensa cike yake da ƙananan haƙora layi-layi, da su yake kankare abinci. Ni kaina ban taɓa ganin teku ba, balle yaran.

Ranar Asabar na tafi Durum wajen mahaifiyata. Na tarar da ita a garka tana tsince dodon koɗi daga cikin ganyen salati tana mita. Na ce, "Inna, wai kin san danginsu na teku suna da haƙora a harshe?"

Ta ce, "Na teku kaɗai? Miƙo hannunka."

Ta murje ganyen salati a tafina, ta ɗora ɗaya a kai. Jim kaɗan na ji ana kankarata a hankali, kamar lasar kyanwa. Na yi tsalle har hulata ta faɗi. Ta yi dariya ta ce, "Karatun naka ke nan?"

Ranar Litinin na shiga aji da dodon koɗi cike da gwangwani. Sufeto, wani dattijo marar fara'a, ya zauna a baya. Na bi yaran ina ɗora musu, aji ya kaure da ihu da dariya. Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina.

Sai na ji muryarsa: "Mushe, ni ba za a ba ni ba?"

Na je na ɗora masa. Can sai ya ce, "Kai! Wallahi yana cina!" Ya yi dariya har da hawaye. Kafin ya tafi ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan dabara. Na ce a garkar Inna.

Har yau ina koyarwa. Kuma tun daga ranar, kafin in buɗe littafi nakan fara tambayar yara abin da iyayensu suka sani a kan darasin. Sau da yawa ni ne nake komawa gida da sabon karatu.