Rabonta a Damtsena na Dama

Ran nan na tsaya wajen mai faci a bakin titi, yana taka famfon ƙafa yana hura tayar keke, sai na ji damtsena na dama ya ɗauki zafi haka kawai. In ka yi yarinta a Jalingo shekarar da sanƙarau ya shigo, ka san irin ƙarar famfon nan. Allurar da aka yi mana ba ta da tsinke. Wata aba ce kamar bindiga, ma'aikaci ya taka da ƙafa, ya danna maka bakinta a damtse, ka ji tas, ka wuce kana kuka, na bayanka ya matso.

Ina 'yar shekara takwas lokacin, gidanmu yana unguwar Turaki. Bazara ce mai zafin gaske, irin wadda ruwan randa kansa yake ɗumi. Mu yara ba mu gane me ake ciki ba. Mun dai ga an hana mu cunkusuwa a ɗaki, kuma kowace safiya mahaifiyata takan jera mu ta ce kowa ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Wanda wuyansa ya lanƙwasu, ya kama hanyar makaranta. Mun ɗauka wasa ne, har gasa muke yi.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce mai rabo a gidan. Ko naman suna aka kawo, ko ƙosai biyar, sai ta kasa shi da kowa, kuma wanda ba ya nan ya fi kowa gata a wurinta. Kasonsa a kwano yake shiga, a rufe da faifai, kuma ko yunwa za ta kashe ka ba ka isa ka ɗaga faifan nan ba. Saboda haka da mota mai lasifika ta zagayo unguwa tana shela da Hausa da Fulatanci da Mumuyanci, cewa riga-kafi kyauta ne, na gari da na ƙauye, mai shi da marar shi, kada a bar kowa, sai kaka ta gyaɗa kai. Ta ce yau dai hukuma ta koyi rabo.

Aka yi mana a filin firamare. Ni a hagu aka harbe ni, aka ɗiga mini shuɗiyar tawada a farcen babban yatsa, alamar na karɓa. Da muka dawo gida kaka ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Saura ɗaya.”

Wadda ta rage 'yar baffana ce, sa'ata, wadda kaka ke riƙo tun da aka yaye ta. Tabarma ɗaya muke kwana. Mako biyu kafin nan an kai ta ruga can bayan Nukkai, wajen iyayenta, don mahaifiyarta ta haihu.

Washegari kaka ta zaunar da ni ta goge farcen nan da toka da lemun tsami har fata ta yi ja. Mahaifiyata ta ce, “Inna, anya ana yin haka?” Kaka ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ni da yarinyar jininmu ɗaya, shekarunmu ɗaya, ma'aikata ne dai ba su san zumunci ba. Ta ja hannuna zuwa unguwar Barade, inda ake yi a ranar, muka bi layi cikin rana. Ta miƙa damtsena na dama. A hanyar dawowa ta saya mini mangwaro biyu, ta shafa mini damtse ta ce, “Na hagu naki. Na dama amana ne, ki riƙe mata.”

Kada ka yi dariya, na riƙe shi da gaske. Na daina kwanciya a kan dama. Wanda ya taɓa mini hannun nan a makaranta sai mun yi dambe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda zan ba ta in ta dawo. Ta baki zai fito, ko ta gumi? Na so in tambaya, amma na ga manya ba su damu ba, sai na ɗauka su sun sani.

Kaka ta aika ta bakin wata mai tallar nono cewa a gaya wa baffa hankalinsa ya kwanta, an karɓa wa yarinya nata.

Abin da kaka ba ta zata ba, ashe da gaske masu lasifikar suke yi. Bayan mako guda ma'aikata suka bar mota inda hanya ta ƙare, suka ɗora akwatin sanyi a ka, suka taka har rugar. Kowa ya fito aka yi masa. 'Yar baffana tana wajen 'yan maruƙa, ba a kira ta ba. Baffa ya ce an riga an karɓa mata a gari, bai dace ta ci rabo biyu wani ɗan ya rasa ba. Shi ma tarbiyyar uwarsa ya bi.

Ba a yi kwana goma ba aka kawo ta a bayan babur, wuya a sanƙare, ido a juye. Asibiti ya cika har an kafa rumfuna a gindin bishiyoyi. Ba a barin yara su shiga, amma kaka ta lulluɓe ni da gefen mayafinta ta wuce da ni. Ta durƙusa, ta naɗe mini hannun riga, ta manna damtsena a jikin na yarinyar tana gogawa. Jikinta zafi kamar murfin tukunya. Ni kuma ina ta yunƙuri a cikina, ina cewa fita, fita.

Wata nas ta tsaya a kanmu ta tambayi me muke yi. Kaka ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba. Nas ɗin ta sunkuyo kusa da kaka. Sannan ta ce a hankali, “Mama, wannan allura ba ta tashi daga jikin mutum ta shiga na wani.”

Kaka ta ce, “To nata ina ya tafi?”

Nas ta juyo, ni kawai ta kalla. Yanzu na san tausayi ne a idonta. A ranar kuwa abin da na fahimta shi ne, an ba ni ajiya na cinye.

'Yar baffana ta rayu. Ranar da aka sallamo ta na ruga ina kiran sunanta, tana zaune ta ba ni baya, ba ta juyo ba. Na matsa na ƙwala da ƙarfi, har kaji suka watse. Sai da na taɓa kafaɗarta ta zabura ta yi mini murmushi. Ciwon ya tafi da kunnuwanta duka biyu.

Da damina ta sauka aka bi unguwa-unguwa ana neman yaran da ciwon ya kurmantar, aka buɗe musu aji. Kaka ce ke kai ta da ƙafa, ta zauna a bakin taga har a tashi. Ba ta taɓa ta da zancen ba har ta koma ga Allah, kowa a gidan ma ya yi gum. Ni kuwa na yi shekara da shekaru ina neman mai laifi. Kaka don ƙauna ta yi, baffa don adalci, ma'aikata sun taka har daji. Duk inda na juya lissafin, a jikina abin yake tsayawa.

Yau masu riga-kafi har ƙofar gida suke zuwa, su yi sallama, wasu ma su kore su. 'Yar baffana tela ce yanzu a Nukkai, da 'ya'ya huɗu, kuma in suka zo, da kanta take fito da yaran, ta tsaya ta zuba ido har a gama. Muna da maganar hannu tamu, mukan yi gulmar mazajenmu da ita mu yi ta dariya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa a cikin alamun nan babu wadda zan faɗa mata wannan da ita. Amma ta iya karatu, a ajin nan ta koya. Ga shi na zauna na rubuta maka duka, kai da ban taɓa gani ba, ita kuwa har yau tana ɗauka mantawa aka yi da ita.