Motar da Ba Ta Kafewa

Jiya gwangwanin sardin ya yanke ni a yatsa, sai Kawu ya faɗo mini a rai, har ina jin ƙaurin dalmar da yake liƙin gwangwani da ita. Shekarar samun mulkin kai ya ƙera tsohuwar motar kwamandan Dakoro, Baturen mulki, da irin gwangwanin nan, ƴar mitsitsiya. Amma ya yanko mata tayoyi masu faɗi daga tsohon takalminsa.

Na ce, "Kawu, ai ba haka ƙafafunta suke ba."

"Na sani, ɗiyata. Waccan in ta kafe cikin rairayi, mu ake tarowa da bulala mu tura ta."

Ya sake ta a gangaren ƙofar gida, ta wuce ita kaɗai. Bai yi dariya ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya isa Aljanna ba kafewa.