Kakata Mai Ɗanɗana Ƙasa

Duk sanda ruwan farko ya sauka, laka ta tashi da ƙanshinta, sai in ji yawu ya taru a bakina. Kada ka yi dariya, mai karatu, ni jikan mai cin ƙasa ne.

Muna da 'yar fadama a gindin dutse, a hanyar Roni in ka baro Kazaure. Shekarar da nake aji huɗu, inda na tsaya don tausayin malamai, irin shinkafar da ya rage mana ƙwarya ɗaya ne tal. In ya lalace, sai dai mu riƙa gaida shinkafa a gonar mutane. Baba ya so zuba shi a gangare, inda ruwa ke kwanciya. Kakata ta tsuguna, ta ɗebi ƙasar wurin, ta ɗora a harshe, ta tofar.

Ta ce, "Kanwa ce. Ko ka ba ta taki, saiwa ba za ta sha ba."

Sai ni, shehun malami, na gyara murya: "Kaka, littafi ya ce shinkafa ruwa kawai take so."

"To maigidana, littafin naka ya taɓa lasar nan?"

Baba ya bi boko. Ita kuwa ta ƙulle tafi biyu a bakin zane, ta shuka can gefe, kan baƙar laka inda shanun Fulani suka yi rani.

Tamu ta fito kamar abin kirki. Kafin tsakiyar damina bakin ganyen ya ƙone, ta yi rawaya, ta tsaya cak kamar ni a aji huɗu. Baba ya ƙara taki, ta ƙi ci. Ta tsohuwa kuwa kore shar, har da rangaji. Tafi biyun nan su suka ba mu irin baɗi, har da tuwon yini guda. Ba ta yi gori ba. Ta dai miƙo min malmala ta ce, "Ci, malam, wannan ba na littafi ba ne."

Bana jikana ya kawo malamin gona da 'yar na'urar da ake cusawa a ƙasa. Suka auna gangaren, suka sha turanci, ƙarshe suka ce gishiri ya yi yawa. Na tsuguna da ƙyar, na ɗora a harshe. Gaskiyarsu. Na waiga in gaya wa tsohuwa boko ya iso inda take, sai na tarar ni ne tsohon wurin.