Mashigin da Isiyaku Ya Ce Nasa Ne

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a bayan garinmu, can wajen Ɗansoshiya a ƙasar Kiru. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne ubangidan wani. Ya tafi ba mu gama ba. Shi ne kuma ya koya mini ɗan bokon da nake taƙama da shi, a ajin yaƙi da jahilci, inda na yi rani biyu a layin baya kusa da ƙofa. Don haka duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya san malamin da zai kai ƙara.

A shekarun tamanin, zamanin soja, aka shigo da yayin taron bita. Hukuma ta kira masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa, a taru a Tiga a koya musu shugabanci da hanyoyin ciyar da gari gaba. Isiyaku ya tafi a matsayin sakataren ƙungiyar manomanmu. Ni kuwa mai unguwarmu ne kurkunu ya kwantar da shi, ya duba ya ga duk masu hankali suna fadama suna ban ruwa, sai ni kaɗai a gindin bishiya. Haka na zama wakili.

In gaskiya ake so, abu biyu na fi riƙewa daga taron nan: soyayyen kifin dam, da fankar da ke juyawa a saman ɗakin taro tana sa mutum gyangyaɗi. Ina cikin gyangyaɗin ne Isiyaku ya mintsine ni a cinya, ya ce, "Tashi, malalacin banza, garinmu ake zanawa." Na buɗe ido na ga wani malamin jami'a ya zana garuruwa biyu a allo, ɗaya a bakin kwalta, ɗaya a bayan rafi. Yana bayani da Hausa tsaf, cewa mutanen garuruwan nan gasa suke da juna ko sun sani ko ba su sani ba. Barkononsu ɗaya, masararsu ɗaya, amma ɗaya mota ke zuwa ƙofar gonarsa, ɗayan sai ya ɗora wa jaki ya jira ruwa ya janye.

Bai taɓa zuwa garinmu ba, amma mu ya zana. Tsakaninmu da hanyar Kiru akwai rafi, kuma da damina ta zauna mota ba ta ƙetarewa. Kafin kayanmu su isa kasuwa, 'yan sari sun cika motocinsu da na mutanen bakin hanya, mu kuma sai mu sayar yadda aka taya, don ba wanda zai koma gida da ɗanyen barkono.

A ƙarshen taron aka ce duk garin da ya yarda zai yi aikin mashigin rafinsa da hannunsa za a ba shi kwalbatoci da siminti, amma in ruwan farko ya sauka bai dasa ba, za a kwashe a kai wa wani gari. Isiyaku ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga, don na ga ya ɗaga.

Aka kawo kwalbatocin aka jibge a bakin rafi, manya, yaro zai shiga ciki a tsaye. Isiyaku ya dawo da zancen taro a bakinsa, cewa hanya ta kowa ce, ci gaba na kowa ne. Ya sa sanƙira ya zaga gari da shela: ranar Asabar kowa ya fito aikin hanya. Asabar ta zo. Muka hallara mu uku: shi, da ni, da wani tsoho da ya zo fitar da akuyarsa daga cikin kwalbati, don awaki sun riga sun mai da su ɗakin kwana. Aka sake shela, aka sake samun abin da aka samu, sai dai wannan karon tsohon bai zo ba. Ga shi bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma.

Ran nan Isiyaku ya tare Ɗanladi mahauci, wanda ba a taɓa yin gayya a garin babu shi ba, ya tambaye shi me ya hana shi fitowa. Ɗanladi ya ce, "Malam, ni shela na ji. Ba ka gayyace ni ba."

Masu karatu na birni, bari in yi muku bayani, tunda yau Allah ya ba ni allo. A wurinmu gayya tana da mai ita. Shi zai bi gida-gida da goro, ya yi sallama, ya kira mutum da sunansa ya ce ina roƙon hannunka ranar kaza. Shi zai ciyar da mutane, daga furar hantsi har tuwon azahar. In ka ƙi zuwa, mutum ka ƙi, kuma gobe za ku haɗu a masallaci. Amma in aka ce aikin kowa ne, to wa ka ƙi? Ba wanda zai ɗauke kai in ya gan ka.

Isiyaku ya san wannan sarai, a cikinta ya girma. Zaƙin maganar taro ne ya ɗauke shi ya manta. Da ya tuna kuwa, bai tsaya jan magana ba. Ya ja ni muka je zauren mai unguwa, wanda har lokacin ƙafarsa na miƙe a kan tabarma, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaban shaidu ina so a bar mini mashigin rafin nan. Nawa ne har a gama aiki." Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Isiyaku, ka san mai gayya shi ke ciyarwa? Bazara ce fa." Ya ce ya sani.

Abin da mai unguwa ke nufi, a bazara ba mai buɗe rumbu sai da lissafi, don abin da ke ciki shi zai kai gida har kaka. Matar Isiyaku, Tabawa, ta faɗa masa haka, kuma ba a hankali ta faɗa ba, don ina zaure na ji. Ta ce in ya ciyar da gari, ita da yara sai su ci kwalbati. Da ta gama faɗan, ita ce ta aika aka kira matan maƙwabta da turamensu.

Muka bi gida-gida, shi yana magana, ni ina riƙe da ƙunshin goro ina rage masa nauyi a hanya. Har rugar Arɗo Buba muka je, don matansu ma rafin yana tare su da ƙoran nono ranar kasuwa. Arɗo ya karɓi goro ya ce matasansa za su zo, kuma kada a dama fura da ruwa alhali suna da shanu. Ranar aiki gari ya fito. Makaɗa suka zo ba a kira su ba. Aka haƙa, aka mirgino kwalbatocin da igiya da kirari, aka yi ta ɗebo marmara a kwanduna da jakuna. Magini ɗaya hukuma ta turo, shi ke nuna inda za a sa me. Ni aka ba ni aikin tsaron tukunyar fura, kuma har yau ba wanda ya ce ban tsare ta da kyau ba. Ba rana ɗaya aikin ya ci ba, kuma kullum aka fito rumbun Isiyaku ne ke raguwa. Ruwan farko ya same mu muna daɓe sama.

Mota ta shigo garinmu a damina a karon farko cikin shekarar. Isiyaku kuwa rumbunsa ya ƙare tun ana tsakiyar marka. Malamin da ke koya wa magidanta karatu sai ga shi yana ƙwadago a gonakin ɗalibansa. Da kaka wasu suka kai masa dami, wasu suka manta, bai kuwa taɓa ambaton sunan wanda ya manta ba. Ni na ambata masa su duka, ya ce in rufe masa baki.

Ba zan ce mun ci gasar da malamin jami'a ya faɗa ba. Har yau ɗan sari ne ke yanka farashi. Amma yanzu shi ke zuwa ya same mu, kuma in ya raina kaya akwai wata motar a bayansa. Ta mashigin nan yara suka fara zuwa makarantar Kiru ba fashin damina, ta nan 'yan achaɓa suka shigo. Ta nan kuma samarinmu suka riƙa ficewa birni ba su dawowa noma. Wannan ya dami Isiyaku a ƙarshen rayuwarsa, yakan ce ba a faɗa mana wannan a Tiga ba, ko kuwa an faɗa lokacin da ya juya yana tashina.

Da zai leƙo yau, na san waya za ta burge shi. Mutum na zaune a gonarsa ya ji yadda ake sayar da barkono a Kano kafin ya cika buhu, wannan shi ne irin abin da yake so. Zai kuma yi murna da yawan masu zuwa bita. Ɗana Sani ma ya je tarurrukan shugabanci har takardun shaida sun cika masa bango. Amma zai tsaya a bakin rafi ya ga abin da nake gani. Kwalbati ɗaya ya tsage tun bara, ruwa ya zaizaye gefe, manyan motoci sun fara tsayawa a ƙetare kamar dā. Samari sun ɗauki hoton wurin ta kowace kusurwa sun watsa a waya, sun rubuta cewa a taimaka, hanya ta kowa ce. Na san abin da zai tambaye su: ƙofar wa kuka je kuka yi sallama?

Abin da ya rage na Isiyaku ba shi da yawa. Gidansa 'ya'ya sun raba, ajin yaƙi da jahilci ya zama shagon cajin waya. Sai sunan da direbobi ke kiran wurin da shi, Mashigin Isiyaku, alhali yawancinsu ba su san ko wane ne ba. Ina ganin sunan ya isa, muddin mashigin na tsaye.

Shi ya sa makon jiya na je zauren mai unguwa, ɗan wancan mai kurkunun, na ce a gaban shaidu a bar mini mashigin, nawa ne har a gyara. Aka yi dariya, don an san ni da tsaron tukunya ba da cika ta ba. Uwargidana ta riga ta yi nata faɗan, ta kuma aika a aro turame. Rumbuna bai kai na Isiyaku ba, ƙafata ma ba ta da sauri, amma goro na hannuna, kuma na san ƙofar duk wanda ubansa ya sha furar Tabawa a bakin rafin nan. Wanda ya ji sallamata kada ya ce a gaya mini ba ya nan.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya sa ya huta. Gardamarmu kuwa na bar masa. Mutumin da ya shekara ashirin da ɗaya a ƙasa kuma har yau yana sa ni aiki, ai shi ne ubangida.