Malam Amiru Mai Gurmi da Waƙar Tabarma

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Amiru a shekarar 1958 a Durba ta ƙasar Kibiya. Mahaifinsa, Malam Mato, manomi ne, mahaifiyarsa Laraba kuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli ce, kuma ana kyautata zaton wurinta ya gaji baki. Bayan karatun allo ya yi firamare a Kibiya, sannan ya wuce makarantar horon malamai a Kano, ya kammala a 1978. Da aka tura shi koyarwa a Rano ne ya koyi kaɗa gurmi wurin wani tsoho a Yalwa, abin da dangi suka yi ta kau da kai a kansa, domin ba su gaji kiɗa ba.

Aure

A 1980 ya auri Zuwaira, shekara na zagayowa Allah ya ba su ɗa namiji. Malam Amiru ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya tarar da ita: bai taɓa ɗaukarsa a gaban jama'a ba, bai kuma taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan".

Wasansa

A 1992 ya fara wasan da ya fito da shi. Shi kaɗai yake tsayawa a gaban taro da gurminsa, da hula da ɗankwali a aljihu, yana ba da labarin rayuwarsa. Ya sa hula ya zama mahaifinsa, ya ɗaura ɗankwali ya zama mahaifiyarsa, ya kwaikwayi kansa ranar da jaki ya kayar da shi a ƙofar gidan surukai, sannan ya rufe da waƙa. Ana dariya har da riƙe ciki, kuma kansa kaɗai yake yi wa tsiya, shi ya sa dattawa ma suke zama.

A 1995 labaransa suka ƙare, sai ya waiwayi cikin gida. Ya tsara wasa a kan fitsarin kwancen da ɗansa ya yi fama da shi, da tabarmar da Zuwaira take shanyawa a kan katanga kowace safiya, ya sa masa amshi mai saurin kama baki. Da matarsa ta yi masa magana, ya ce ai bai ambaci suna ba, "ɗan fari" kawai ya ce, don haka bai keta kunya ba. Da nauyi a rubuta wannan, amma haka aka yi: malamin makaranta guda ya manta cewa ɗan farin mutum ɗaya ne, kuma duk Rano ta san nasa.

Aka ɗauki wasan a kaset, ya shiga motocin haya. Yaron yana sakandare a lokacin, kuma bai sake jin sunansa na yanka a bakin ɗalibai ba, sai tsokana da amshin waƙar. A 2006, ranar aurensa a Rurum Sabon Gari, ƙawayen amarya suka rera amshin da tafi a gaban danginta. Ɗan ya ɗauki matarsa ya koma Kaduna, ya daina zuwa gida ko da salla.

Ƙarshen Rayuwa

Tun daga wannan shekara Malam Amiru ya rataye gurmi, bai sake wasa ba. Ya rage shiga taro, in an tuno masa waƙar sai ya sunkuyar da kai ya tashi. Sau da dama aka ba shi shawarar ya je Kaduna, amma kunyar da ta hana shi kiran sunan ɗan ita ta hana shi neman gafararsa. Sai a jinyarsa ta ƙarshe aka ji ya kira sunan a fili, ya nemi a ce masa ya zo.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Rano a 2023, kafin ɗan ya iso. An yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi a Durba kusa da iyayensa. Ɗan ya riski jana'izar, ya ɗauki makara, ya zauna karɓar gaisuwa, ya ce ya yafe.

Ya rasu ya bar matarsa Zuwaira da 'ya'ya biyar: Mukhtar, Asma'u, Tajuddeen, Afra'u, da babbansu, wanda ya roƙi kada a sa sunansa a cikin wannan tarihi.